Gonar da Malam Hayatu Ya Zuba a Kaset

Ni dai tun farko ban yarda da injunan Hayatu ba, kuma ban taɓa ɓoye masa ba. Amma wa zai ɗauki maganata da nauyi? Taubashina ne. Mahaifiyarsa, Goggo Habiba, ƙanwar babana ce uwa ɗaya uba ɗaya. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, don haka a wajen wasanmu ni ne ubangida shi ne bawa, ko da yake a makaranta shi ne hedimasta ni kuwa mataimakinsa. Tun muna yawo ba wando ban taɓa yi masa magana a miƙe ba, shi ma bai taɓa amsa mini a miƙe ba. Ko ina kwana na ce masa, sai ya laluba ya ji ko akwai ƙaya a ciki. Ku riƙe wannan da kyau, domin a nan ne abin ya karye mana.

Sunana Balarabe. Garinmu Tungar Marke, ɗan ƙauye ne a bakin fadama tsakanin Talata Mafara da Bakura, kuma a nan aka haife mu. Uban Hayatu ya rasu tun Hayatu bai yi wayo ba, Goggo ta ƙi sake aure, ta riƙe ɗanta da gayaunarta. Gayaunar nan 'yar gona ce da ta gada wurin kakanmu Audu, a maƙale tsakanin gonakin magidanta biyu. Ba ta da wani girma, amma ƙasar baƙa ce wuluk mai riƙe laima. Da damina shinkafa, da rani dankali da albasa. Da ita ta ciyar da shi, da ita ta ɗinka masa riga, har ya gama kwalejin horon malamai ta Maru. Da yake ɗan fari ne, bakinta bai taɓa kama sunansa ba. In tana son ya ji magana ni take kira, ko da yana zaune a gabanta: "Balarabe, ka ce ma taubashinka tuwo shina hucewa."

Hayatu tun yana yaro hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Ya kwance fitilar babana, ya kwance agogon liman, ya sha bulala a kan kowanne, kuma kowanne ya mayar da shi yana aiki. Ya koyar a Dosara, ya koyar a Damaga, sannan a saba'in da huɗu aka dawo da shi gida hedimasta, daidai lokacin da manyan motoci suka fara wucewa zuwa Bakolori inda za a datse gulbi.

Shekara biyu bayan haka aka buɗe karatun firamare kyauta ga kowa. Yara suka cika mana azuzuwa har bakin taga, malaman da aka ƙaro mana kuwa horon 'yan watanni aka yi musu. Sai aka raba wa makarantun wajenmu rediyo ɗai-ɗai, don yara su riƙa sauraron darussan da ake watsawa da hantsi. To, ku ji abin da hedimastoci suka yi da su. Wasu suka kulle a kabad, wai kada ya lalace sufeto ya zo ya tambaya. Wasu suka kai zaurensu suna jin kiɗa da labarun duniya. Hayatu shi kaɗai ya tuɓe babbar riga, ya hau marken da ke tsakiyar filin makaranta, ya ɗaura wayar eriya can ƙololuwa, yara na ta sowa, ni kuma ina ƙasa ina ce masa in ya faɗo ya karye ba ni da inda zan samo wani bawan.

Bai tsaya nan ba. Ya zana jadawali a bangon ofis, ya ce kowane malami sai ya iya kama tasha, ya iya canza batir, ya iya rage murya ya jefa wa yara tambaya sannan ya ƙara. Malama Taibatu, ita kaɗai ce mace a cikinmu, ta naɗe hannu ta ce wallahi ba za ta taɓa kayan gwamnati ba, in ya mutu a hannunta wa zai tsaya mata? Hayatu ya ce: "Malama, in ya lalace ni na lalata shi, ki sa hannu. Rediyon da ke cikin kabad ai ya riga ya mutu, jana'iza ce kawai ba a yi masa ba." Ba a yi wata biyu ba ta fi mu duka iya shi. Ni ne na ƙarshe da na koya, don taurin kai, ina ta mita ina cewa tunda akwati zai koyar, mu sai a sallame mu mu koma gona.

Sai kaka ta yi, matsala ta fito. Darasi da hantsi ake watsa shi, yaranmu kuwa da hantsi suna fadama suna korar tsuntsaye daga shinkafa, ba uban da zai saki ɗansa kafin azahar. Rediyo ya yi ta magana da bencina ba kowa a kansu. Na ce masa: "Bawana, yau ga ɗalibai masu ladabi, ko tari ba sa yi." Ranar Talata ya hau kekensa ya tafi kasuwar Mafara, da yamma ya dawo a ƙasa, ƙafa duk ta yi futu-futu, rungume da wata rikoda da kaset shida. Ashe musaya ya yi da wani direban masu aikin dam, ya ba da keken. Tun daga ranar duk taron hedimastoci a ƙafa yake zuwa.

Gaskiya ɗaya ce, dabarar ta ci. Da hantsi a ɗauki darasi a kaset, bayan azahar yara su dawo su saurara, in ba su gane ba a mayar baya su sake ji. A shekarar nan yaranmu na aji bakwai da suka ci jarrabawar shiga sakandare sun fi na kowace shekara. Hedimastoci suka fara tahowa daga Bakura ran Asabar suna zama a bencin yara, Hayatu na nuna musu inda ake dannawa. Shi ba ya ɓoye abin da ya iya. Ni ko a lokacin ban ce masa ya yi ƙoƙari ba, bakina bai saba ba.

A saba'in da bakwai safiyo, masu awon ƙasa na gwamnati, suka shigo fadamarmu suna kafa turaku. Aka tara mu a ƙofar gidan mai gari aka yi bayani: mu da muke ƙasan dam ruwa ba zai ci mu ba, amma za a karɓi gonakinmu na ɗan lokaci, a daidaita ƙasar, a haƙa magudanan ruwa, sannan a mayar wa kowa nasa ya yi noman rani da damina. Gari ya ɗauki zafi. Wasu suka ce za su kwanta a gaban katafila ta bi ta kansu. Goggo ta ce ita ba ta kwanciya a gaban kowa, amma za ta shimfiɗa tabarma a gindin tsamiyarta, wanda ya isa ya zo ya ɗaga ta.

Hayatu ya riga ya je wajen Maradun, inda ruwa zai rufe gari da gonaki, ya ga dattawa masu furfura suna rantsuwa a kan abin da suka mallaka, ba su da shaida sai baki. Abin ya tsaya masa a rai. Mu ma haka muke, ba mai takardar gona ko ɗaya. Iyakokinmu duka suna cikin kan mutum guda, Sarkin Noma Bawa. In biyu suka yi jayayya, shi ake kira ya zo da sandarsa ya bi iyaka yana faɗa: daga wannan gawo zuwa wancan suri, daga suri zuwa kanya. Inda ya tsaya nan magana ta tsaya, ko gaban alƙali. To amma Bawa ya haura tamanin, yana tafiya yana hutawa.

Sai Hayatu ya miƙe a taron ya ce kowa ya kwantar da hankalinsa. Ya ce abin tsoro ɗaya ne, kada Allah ya ɗauki Sarkin Noma kafin a mayar da gonaki. Ya ce shi zai zuba Sarkin Noma a kaset, iyaka bayan iyaka, da muryarsa, ta yadda ko bayan ransa zai yi shaida. Jama'a suka yi kabbara. Wallahi har ni sai da na ji dabarar ta burge ni. Duk tunaninmu tsoho ne zai mutu. Ba wanda ya kawo a ransa cewa tsamiya ma tana mutuwa, don a ƙasarmu ba a sare tsamiya. Komai matsuwar mai neman itace, kewaye ta yake yi ya wuce. Ko da aka yi hanyar mota zamanin iyayenmu, lanƙwasa ta aka yi aka bar wata tsamiya a tsaye.

Kaset shidan nan, masu ɗauke da darussan shekara guda cur, ya goge su tas. Kwana tara muna fita bayan la'asar: Bawa a gaba da sanda, Hayatu a bayansa rungume da rikoda, masu gonaki biye. Rana ta tara muka iso gayaunar Goggo.

Bawa ya gyara murya ya ce: "Wagga gayauna ta Habiba ce, ɗiyar Audu. Tana hwarawa daga tsamiya, ta tahi gabas har surin da ke gindin kanya."

Goggo ta katse shi: "A'a, Sarkin Noma, ba tsamiyar hwarko ba. Ta biyu, mai kogo, wadda zuma ta taɓa zama ciki."

"Ta biyu, mai kogo," in ji Bawa. "Daga kanya ta juya kudu, ta bi gamba har gawon da aradu ta tsaga, ta dawo ga tsamiya."

Da ya gama sai Goggo ta dubi rikodar, ta dube ni, ta ce: "Balarabe, tambayi taubashinka, ya tabbata abin ga ya riƙe?"

Hayatu ya amsa da kansa, da muryar nan tasa ta hedimasta: "Ya riƙe, Inna. Ko taki ɗaya ba za ki rasa ba."

A nan ne na yi magana, rikoda kuwa ba a kashe ta ba. Mako biyu kafin ranar, a hanyar Mafara, na ga katafila biyu sun ɗaura sarƙa a wata ƙatuwar kuka sun tumɓuke ta, saiwoyi a sama. Da idona na gani, kuma tun ranar abin yake cina a ciki. Amma ni ban san wata murya da ake yi wa Hayatu magana da ita ba sai ta wasa. Sai na karkace hula na ce: "To, bawana sarkin dabara, in an tuge tsamiyar fa? Sai ka kunna wa kututture?"

Kowa ya fashe da dariya. Hayatu ya ce: "Ubangidana, tsamiyar da ta ga kakan kakanka? Kai dai baƙin cikin rikodata zai kashe ka." Aka sake kwashewa, Goggo har da riƙe ciki. Ni ma na yi dariyar. Kaico! Da na ja shi gefe na ce masa, Hayatu, ba wasa nake ba, ga abin da na gani, wallahi da ya tsaya ya yi tunani, don shi ba wawa ba ne. Ban ja shi ba. Na ji daɗin an yi dariyar maganata, na tafi gida.

Ranar da katafilu suka iso, Hayatu ne ya bi mutane ɗaya-ɗaya yana ba su baki har suka kauce. Goggo kuwa tana gindin tsamiyarta kamar yadda ta ce, da tabarma da buta. Shi ba ya iya tsayawa gabanta ya yi mata gardama, sai ya turo ni. Ni na durƙusa na ce mata: "Goggo, taubashina ya ce ki taso, gonarki na cikin kaset." Ta daɗe tana duban reshen tsamiyar, sannan ta miƙo mini hannu na ɗaga ta. Ni na naɗe tabarmar, ni na ɗauko butar.

Kwana shida aka yi ana share fadamar. Ran na bakwai, lokacin hutun ƙarfe tara, muka fito daga aji ni da Hayatu muka tsaya a bakin shingen makaranta. Daga nan har gulbi ba itace ko ɗaya. Ba suri, ba gamba, ba tudu ba kwari, fili fetal kamar an share tsakar gida. Na saci kallonsa. Ya sa hannu ya dafa shinge. Sai ya duba agogo ya ce a buga ƙararrawa. Tun daga wannan rana na daina kiransa bawana.

Ɗan lokacin da aka ce ya zama damina biyu ba shuka. Goggo, wadda ba ta taɓa cin hatsin wani ba, ta koma jiran kwanon da za a kawo mata daga gidan ɗanta, tana kaɗa auduga don kada hannu ya zauna. A damina ta biyu Sarkin Noma Bawa ya rasu. A wurin zaman makoki mutane suka yi ta zuwa suna riƙe hannun Hayatu suna sa masa albarka, suna cewa Allah ya so mu da ya yi wannan hangen nesa. Yana amsawa da amin, kansa a ƙasa. Ni kaɗai na san abin da amin ɗin nan take yi masa. Duk da haka bai fid da rai ba. Ya naɗe kaset ɗin a ƙyalle ya sa a tukunya don zafi, yana cewa hukuma ai za ta girmama muryar dattijo.

Da aka fara rabo muka tafi tare, a ƙafa, yana rungume da rikoda. Wata rumfar kwano ce aka kafa a bakin sabon kanal, wato babban magudanar ruwan da aka haƙa. Ma'aikacin da muka tarar ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Ya miƙe ya ba mu hannu, ya tambayi gida da iyali da gajiya da makaranta, ya sa aka kawo mana ruwa. Sannan ya shimfiɗa taswira a tebur, duk an yanka ta gida-gida da lambobi. Ya ce masu rubuta sunaye sun rubuta manyan gonakin magidanta, amma ƙananan gayauna irin ta Goggo sun shige cikin na maƙwabta. Ya ce in za mu nuna masa inda tata ta rabu da tasu, zai yanka mata. Maƙwabtan biyu suna nan tsaye. Su ma ba azzalumai ba ne, yunwar shekara biyu ce a jikinsu, kuma abin da aka ba su bai kai na da ba. Kowanne ya ce shi dai a saninsa gonar Habiba ta fi karkata wajen ɗan'uwansa.

Hayatu ya ajiye rikoda a kan taswirar ya danna. Muryar Bawa ta cika rumfar, mutane suka yi tsit, wani ya ce Allahu akbar, wani ya share hawaye. Tsamiya, suri, kanya. Muryar Goggo: ta biyu, mai kogo. Gamba, gawon da aradu ta tsaga. Aka zo inda Hayatu ya ce ko taki ɗaya ba za ki rasa ba, sai ya yi wuf ya kashe. Na san abin da ke biye, shi ma ya sani.

Ma'aikacin ya ce a hankali: "Ranka ya daɗe, Malam, na ji, kuma na yarda dattijon nan gaskiya ya faɗa. To amma ina tsamiyar?"

Duka muka juya muka dubi waje, kamar za mu gan ta.

Ya ce: "Da a ce kun auna da igiya daga wani abin da bai gushe ba, ko rijiyar makarantarku ce, kuka rubuta taku nawa gabas taku nawa kudu, da yanzu na fitar mata da ita."

Igiya! Hayatu da kowace shekara yake fitar da 'yan aji shida filin ƙwallo da igiya yana koya musu awon fili. Igiyar na nan rataye a ƙusa a bayan ƙofar ofishinsa, kullum sai ya gan ta. Igiya da littafin rubutu ɗaya sun isa su ceci gonar uwarsa, amma hankalinsa da namu duka yana kan akwatin da ke magana. Ya ɗauki rikodarsa, ya yi wa ma'aikacin godiya, muka kamo hanya.

Ni aka bar wa faɗa wa Goggo, kamar kullum. Ta saurara har na gama, mazari na hannunta. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi salati da ƙarfi ba. Ta ce: "To. Ka ce ma taubashinka ya kawo man abin nan in ji." Ya kawo, ya nuna mata inda ake dannawa, ita da ko rediyo ba ta taɓa taɓawa ba. Daga ranar kullum bayan la'asar, lokacin da ta saba zagaya gonarta, sai ta zauna a ƙofar ɗaki ta kunna. In Bawa ya ce tsamiya, sai ta riga muryarta ta cikin kaset: "Ta biyu, mai kogo." Da ya dawo ga tsamiya sai ta kashe. Hayatu ya yanka mata rabin filin da shi aka ba shi a rabon, ta ce a gode masa, ba ta taɓa taka wurin ba. Ko sau ɗaya ba ta ce ya cuce ta ba, kuma na rantse da ta zage shi da ya fi samun sauƙi. Shekarar da manoma suka tare hanyoyin dam har aka yi asarar rayuka, tana kwance ba ta ma san ana yi ba. Da kaka ta zagayo, ana yankan shinkafa a sababbin filaye, ta cika.

Na ɗauka daga nan Hayatu zai kulle injunansa a kabad kamar sauran. Ina! Ya samo wasu kaset ya ci gaba da ɗaukar darussa. Abin da ya canza shi ne yadda yake shugabanci. Duk sabon abin da za a kawo makaranta, ko injin buga takardun jarrabawa ne, sai ya tara malamai ya ce: "Kowa ya faɗa mini ta inda abin nan zai ba mu kunya." Kuma ya hana dariya a wurin. In wani ya yi magana aka fara murmushi, sai ya buga tebur ya ce a bar shi ya ƙarasa. Sababbin malamai suna ganin tsanani ne kawai. Ya kuma fitar da 'yan aji shida da igiya suka auna kowane fili a garin tun daga rijiyar makaranta, aka zana a littafi. Littafin yana nan, kuma ya raba gardama ba ɗaya ba ba biyu ba. Gonar Goggo ce kaɗai ba ta ciki.

Ni kuwa na zama mai ladabi. Malam nake ce masa, in gaishe shi kamar baƙo, in ba shi rahoto in fita. Shekara ashirin da 'yan kai muna haka, har muka yi ritaya, har aka yanke mana sabuwar jiha, har gemunmu ya yi fari. Da Sallah, lokacin da taubasai ke tare juna a hanya suna tsiya, ni sai in canza lungu. Mutane suka ɗauka faɗa muka yi. Ba faɗa, kunya ce. Duk sanda na buɗe baki zan zolaye shi sai in ji dariyar ranar nan a kunnena.

Da ciwon ajalinsa ya kwantar da shi, ya aiko a kira ni wata safiya. Na tarar da shi a zaure an jingina shi da matashi, ya rame ƙwarai, ga wata rikoda ta zamani a gefensa, don tsohuwar ta daɗe da mutuwa. Muka gaisa, na tambayi jiki, ya ce da sauƙi. Sai ya nuna tukunyar da ke lungu ya ce in ɗauko kaset na shida in sa.

Muryar ta dusashe, tana ɗan ja, amma ana ji. Bawa ya bi iyakarsa. Goggo ta gyara masa. Ta ce in tambayi taubashina. Hayatu na wancan zamani ya ce ko taki ɗaya ba za ki rasa ba. Na kai hannu zan kashe, kamar yadda ya yi a rumfa, kamar yadda ita ma take yi. Ya riƙe mini hannu.

Sai ga muryata, ƙuruciya fal, har ana jin karkacewar hular: in an tuge tsamiyar fa? Sai dariya ta ɓarke, ta maza da yawa, da wata siririya a sama da ta fi ta kowa daɗewa.

Ya ce: "Ubangidana, ai ka faɗa mini. Ni ne ban ji ba."

Na ce: "Ban faɗa maka ba, Hayatu. Na ga kukar da aka tuge da idona, na zo na yi maka wasa da ita." Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba sai ranar. Hawaye suka zubo mini, tsoho da ni, ban ko share ba.

Sannan ya ce: "Mai da shi baya kaɗan."

Na ce: "Haba, Hayatu, don Allah ka bar ni haka nan."

Ya ce: "Ba don maganarka ba, kai dai kullum sai ka ɗauka da kai ake. Dariyar Inna nake son ji. Tun ranar ban ƙara jin ta yi ba."

Na mayar. Sau huɗu na mayar masa, yana rufe da ido. A na huɗun na ce masa: "Bawana, batir fa ba naka ba ne, bawa ba shi da kaya, ka sa ubangidanka aiki tun safe ko fura ba ka ba shi ba." Ya yi 'yar dariya har tari ya sarƙe shi. Bayan kwana uku aka yi masa sutura.

Kaset ɗin yana wurina, ban ƙara kunna shi ba. In na bi ta bakin kanal zuwa Mafara, akwai inda nakan rage tafiya in dubi shinkafar mutane, in ce a raina ko nan ne. Wani lokaci in ga kamar ya fi gaba kaɗan. Har yau ban sani ba.